Yadda Ake Shayar da Bakwaini Yana Cikin Kwalba, Tun Daga Daren Haihuwa Har Ranar Sallama

Sau biyu ina haihuwar bakwaini a nan Jidda. Na farko ya zo ciki yana mako 30, nauyinsa kilo ɗaya da giram 300, ya yi sama da wata ɗaya da rabi a kwalba. Ta biyu ta kai mako 33. Tun daga lokacin, in aka ce wata cikin 'yan'uwanmu Hausawa ta haihu lokaci bai yi ba, a unguwar Karantina ne ko Sabil ko can Makka wajen Shara Mansur, ni ake kira a waya. Kuma kusan kullum magana ɗaya nake fara ji: "Sun ɗauke shi sun kai hadana, ni ba abin da zan iya yi masa sai addu'a." Hadana shi ne ɗakin asibiti da ake kwantar da jarirai a kwalba. Addu'a kam ita ce gaba. Amma akwai abu biyu da likita ko nas ba za su iya ba shi a madadinki ba: ruwan nononki da ɗumin ƙirjinki. A haihuwata ta farko ba wanda ya faɗa mini haka, sai da na yi kwana huɗu ina kuka a gado, nono ya cika ya yi tauri, yaro kuma ana ɗura masa madarar gwangwani. Abin da na so a ce an faɗa mini a daren farko shi na rubuta miki, 'yar'uwa.

Bakwaini a wajen likitoci ba sai ɗan wata bakwai ba, duk jaririn da ya fito kafin ciki ya cika mako 37 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane goma, don haka kada ki ɗora wa kanki laifi. Abu biyu kawai nake so ki riƙe. Hanjin bakwaini ɗanye ne, akwai wata muguwar cuta da ke cinye shi, kuma nonon uwa yana rage haɗarinta fiye da kowace madara. Na biyu, jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 32 zuwa 34, shi ya sa ake zura masa siririyar roba ta hanci ko ta baki har cikinsa. Ta wannan robar nononki zai isa gare shi.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Sirinji ƙanana masu ɗaukar mil 1 zuwa 5, marasa allura, na kwanakin farko. Ki roƙi nas ta ba ki.

Robobin ajiye nono masu murfi. Asibitoci da yawa suna bayarwa. In ba su ba ki ba, ana samu a saidaliyya, wato kantin magani, irin su Nahdi.

Famfon tatsa, wanda a saidaliyya za ki ce musu shaffaɗa. Mai lantarki da ke jan nono biyu lokaci ɗaya ya fi, don yana rage miki rabin lokaci. In kuɗi bai kai ba, na hannu ya isa. In shi ma babu, hannunki ya wadatar, kuma na ga mata sun shayar da bakwaini har ya fito da shi kaɗai. Ki tambaya ko hadana tana da ɗakin tatsa da famfon asibiti, don ya fi na gida ƙarfi.

Ƙaramar kula da ƙanƙara. In babu ƙanƙarar roba ta saidaliyya, ki daskarar da ruwa a ƙananan gorori.

Salatif ɗin takarda da biro wanda ruwa ba ya gogewa. Roba ta wanki da burushi da tukunya da ba a amfani da su a komai sai wannan aikin. Riga mai buɗewa ta gaba, zani mai laushi na auduga, da hular jariri. Sai ƙaramin littafi na rubutu, za ki ga amfaninsa a gaba.

1. Ki fara a ranar, kada ki jira nono ya kawo

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada. Ana so ki fara tatsa cikin awa 6 na farko bayan haihuwa, in da hali ma cikin awa ɗaya ko biyu, ko da aiki aka yi miki, kina kwance. Jiki yana jiran saƙo ne cewa akwai mai sha. In kwanakin farko suka wuce ba a taɓa nonon ba, ya kan ɗauka ba a bukata, kuma dawo da shi wahala ce babba.

Abin da zai fito ɗigo ne mai kauri, rawaya, mai danƙo: dakashi. A gida an saba a ce a matse shi a zubar wai ba shi da kyau. Don Allah kada ki yarda, ko wa ya faɗa miki. Shi ne mafi daraja a duk abin da nononki zai fitar, cike yake da abubuwan da ke kare jariri daga cuta. Ko ɗigo uku kika samu, ki zuƙe da sirinji ki aika. Bakwaini ƙarami da mil 1 ko 2 ake fara masa, wani ma shafa masa ake yi a cikin kumatu tun bai fara cin komai ba. In ba ki iya tashi, maigida ko 'yar'uwar da ke jinyarki ta kai.

Duk maganin da kike sha, na hawan jini ne ko na ciwo ko na sikari, ki faɗa wa likitan yara. Yawancinsu ba sa hana shayarwa, amma shi zai yanke.

2. Yadda ake tatsa da hannu

A kwana biyu zuwa uku na farko hannu ya fi famfo, don dakashi kaɗan ne, ya kan maƙale a jikin robar famfo ya ɓace.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki ɗora tsumma mai ɗumi a nonon minti biyu, ki murza shi a hankali daga sama zuwa kai. Sai ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu a bayan kan nono, wajen da baƙin ya kusa ƙarewa. Ki danna su baya zuwa ƙirji, ki matse su su fuskanci juna, ki saki. Danna, matse, saki, kamar yadda yaro ke tsotso. Minti ɗaya ko biyu na farko ba za ki ga komai ba, ki ci gaba. In ɗigon ya tsaya, ki juya yatsun zuwa wani gefe, in kin zagaye ki koma ɗaya nonon, ki sake dawowa.

Kada ki ja kan nono, ba a nan ruwan yake ba, rauni kawai za ki ji wa kanki. Kada kuma ki riƙa goga yatsu a kan fata suna zamewa. In kina jin zafi, wurin da kika riƙe ne ba daidai ba.

Abin da ya taimake ni: hoton yaron a waya a gabana, da ɗan ƙyallen da ya kwana a ƙarƙashin kansa ina shaƙa. Tatsa kusa da kwalbarsa, ko da zarar kin sauke shi daga ƙirji, ta fi kawo ruwa.

3. Sau takwas a yini, har da dare

Nono yana ƙaruwa ne da yawan kwashe shi. Ki tatsa aƙalla sau 8 cikin awa 24, in kin kai 10 ya fi. Ba dole tsakaninsu ya zama daidai ba, amma kada tazara ta wuce awa 5 ko 6, kuma lallai sau ɗaya ya faɗo tsakanin tsakar dare da asuba, don lokacin ne sinadarin da ke sa jiki yin nono ya fi yawa. Kina cikin jinin biƙi ba kya salla, amma kiran salla ya zame mini agogo: tatsa biyar a lokutan salla biyar, ɗaya da hantsi, ɗaya kafin in kwanta, ɗaya kuma wajen ƙarfe biyun dare.

Daga kwana na uku ko na huɗu, in ruwa ya kawo, ki koma famfo, kamar minti 15 kowane nono, ki ƙarasa da hannu. Kada ki murɗa famfon zuwa ƙarshen ƙarfinsa. Ki tsaya inda ba kya jin zafi. In kan nono yana gogar jikin mazurarin, ya yi miki ƙanƙanta, ki nemi babba.

Ki riƙa rubuta abin da kika samu. Zuwa kwana 10 ko 14 ana so a ce kina haɗa mil 500 zuwa 750 a yini. Za ki ce, yaron da ke shan mil 10, me zai yi da wannan? Ana gina nonon ne don ranar da zai fito yana sha da kansa, kuma makonni biyun farko ne lokacin ginin. In kin ga ba kya kaiwa, ki ƙara yawan tatsa, ki faɗa wa nas da wuri. Kunun gyada, hulba, romo, duk ki sha, ki sha ruwa duk sanda kika zauna tatsa, amma ba ɗayansu da zai maye gurbin kwashe nonon. Kunun kanwa kuma ki yi hattara da shi, musamman in hawan jini ne ya sa aka cire yaron da wuri. Kanwa mai yawa tana wahalar da zuciyar mai jego.

In wani gefe ya yi ja ya kumbura, da zazzaɓi da rawar sanyi, ki ga likita a ranar, kuma kada ki daina tatsa.

In duk kin yi bakin ƙoƙarinki bai isa ba, za su cika masa da madarar da aka yi don bakwaini, kuma ɗan abin da kike kawowa yana nan da amfaninsa. In wata 'yar'uwa ta ce za ta taimaka da nata, kada a yi a ɓoye: likita ya sani don a gwada jininta, a tambayi malami hukuncin shayarwa, a rubuta a ajiye saboda maganar aure nan gaba.

4. Wanki, rubutu, ajiya da kaiwa

Bayan kowace tatsa ki kwance famfon, ki wanke duk inda nono ya taɓa da sabulu da ruwan zafi a robarsa ta daban, ba a wurin wanke-wanken kicin ba. Ki kife su su bushe da kansu, kada ki goge da tawul. Sau ɗaya a yini ki tafasa su minti 5.

Kowace roba ki manna mata salatif: sunanki, lambar fayil ɗin yaron, rana da awa. A nan ƙasar akwai tarko ɗaya. Ki tambayi nas da wane kwanan wata suke aiki, na Hijira ko na Miladiyya, ki bi shi. Na san wadda aka zubar mata da nonon kwana biyu saboda an kasa gane ranar da ta rubuta.

Nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba, amma na bakwaini ki sa shi a firij nan take. A firij, ki tura shi can ciki, ba jikin ƙofa ba. Ga lafiyayyen yaro yana kai kwana 4, amma hadana da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce awa 48, don haka ki tambayi ƙa'idarsu. Wanda kika san ba zai isa cikin kwana biyu ba, ki sa a firiza, yana yin wata 6 lafiya lau. Ki zuba kaɗan-kaɗan, kada ki cika robar don ƙanƙara tana kumbura, kada kuma ki ɗora mai ɗumi a kan daskararre. Wanda ya narke ba a mayar da shi firiza, cikin awa 24 ake amfani da shi.

Zafin Jidda da Makka ba ya raga wa nono. Ko tafiyar minti goma ce, a kula za ki ɗauka, ƙanƙara ta kewaye shi, kular kuma a cikin mota wajen mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, ba a but ba. Da kin isa ki miƙa wa nas hannu da hannu. Sabo ya fi daskararre, don haka ki ce su fara da na yau.

5. Shiga hadana

Ki cire zobe, awarwaro da agogo, ki naɗe hannun abaya har gwiwar hannu, ki wanke da sabulu sosai har tsakanin yatsu. Farce a yanke. Waya ki goge ta da abin da za su ba ki, in kin taɓa ta kuma ki sake tsaftace hannu.

Ba humra, ba turare, kuma abayar da ta sha turaren wuta ki bar ta a gida. Na san da wuya ga mai jego Bahaushiya, amma huhunsa bai ƙarasa nuna ba. In kina mura, tari, zazzaɓi ko ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe, ki faɗa wa nas tun daga ƙofa. Ƙurajen leɓe suna iya kashe jariri, mai su ba ya sumbatar yaro.

Ranar farko gabanki zai faɗi: ɗan mutum kamar tafin hannu biyu, fata ja, wayoyi ko'ina, na'ura tana ƙara. Yawancin ƙarar nan waya ce ta zame. Ki dubi yaron da fuskar nas, kada ki kafa ido a allo. Kada ki taɓa maɓallin iska ko na wata na'ura. Oksijin da ya yi yawa yana lalata idon bakwaini, shi ya sa suke auna shi daidai. In kin ga an rufe masa ido an kunna shuɗiyar fitila, shawara ce ake magani, kuma yawancin bakwaini suna yin ta.

Taɓa shi ma da yadda ake yi. Shafa da muka saba yi wa jariri tana firgita bakwaini. Ki ɗumama hannunki, ki ɗora ɗaya a kansa, ɗaya ki tallafe ƙafafunsa, ki bar su cak. Ki yi masa magana ƙasa-ƙasa, ki karanta masa abin da ya sauwaƙa, ya san muryarki tun yana ciki. Kada ki ƙwanƙwasa gilashi.

Kullum ki yi tambaya huɗu ki rubuta amsa a littafinki: nawa ne nauyinsa yau, mil nawa yake sha, yaya numfashi, me ake shirin yi gobe. Nas da yawa 'yan Filifin ne da Indiya, Larabcinsu kaɗan ne. In ba kwa fahimtar juna, ki zo da mai yi miki tafinta ranar da likita zai yi bayani, kuma kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba. A makon farko nauyinsa zai ragu, haka kowane jariri yake yi, ya kan dawo wajen mako biyu. Wata rana za a ce ya ci gaba, gobe a ce an dakatar da nono an mayar masa da iska. Haka tafiyar take.

6. Goyon ƙirji

Goyon da muka gada a baya ake yinsa, kan riga. Wannan a gaba ne, fata da fata. Likitoci suna ce masa kangaru, an faro shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalabe suka yi wa jarirai kaɗan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi tun da wuri bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 a yini gwargwadon hali. Yana daidaita ɗumin jikin yaro da numfashinsa, yana rage kamuwa da cuta, yana ƙara miki nono.

Ba kowace hadana ce za ta yi miki tayi ba, ke za ki nema. Ki ce wa likita, "Yaushe zan fara kangaru?" In ya ce ba yau ba, ki tambayi dalili, ki sake tambaya jibi. Robar hanci ko ƙaramar na'urar iska ba lallai su hana ba.

Ki ci abinci, ki shiga banɗaki, ki tatsa kafin ki zauna, don ba a so zama ya gaza awa ɗaya. Ɗauka da mayarwa ne ke gajiyar da shi. Ki nemi a ja miki labule. Ki buɗe gaban riga, ki kishingiɗa a kujera, nas ta ɗora miki shi daga shi sai famfas da hula. A tsaye zai kwanta tsakanin nonuwanki, ƙirjinsa a kan naki, ƙafafu a naɗe kamar na kwaɗo, kansa ya juya gefe ɗaya, haɓarsa a ɗan ɗage. Wuyan nan shi ne abin lura: in haɓa ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar iska ta toshe. Ki ɗaure shi da zani, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ya kama shi amma kada ya matse cikinsa. Ki yafa mayafi a bayansa, fuskarsa a buɗe kina ganinta. In barci yana fizgarki, ki kira nas.

Ranar da aka fara ɗora mini nawa yana da kwana tara. Numfashinsa da ke ta hawa da sauka ya lafa, ya yi barcin da ban taɓa ganin ya yi a kwalba ba. A ranar na fara jin cewa ɗana ne, ba na asibiti ba.

Uba ma yana yi, kuma ƙirjinsa yana aiki kamar naki. In lokacin ziyara gajere ne, ku raba: ke da rana, shi in ya taso aiki.

7. Suna, al'ada da takardu

Maigida zai iya yi masa kiran salla a kunne ta ƙofar kwalbar, a hankali. Ranar bakwai a raɗa suna a yi yanka yana asibiti, aski da kaciya su jira sai likita ya yarda. Dabino, zamzam, rubutu, zuma, dauri: ba abin da zai shiga bakinsa. Na ga kaka ta shigo da zamzam a ɓoye cikin gyale, da kyakkyawar niyya, amma yaron da bai iya haɗiya ba ɗigo ɗaya yana iya wucewa huhunsa. Ke ki sha, ki yi masa addu'a. Zuma kuwa ko ya fito, sai ya cika shekara.

Takardu aikin maigida ne, kuma a makon farko: takardar shaidar haihuwa daga asibiti, rajista a ofishin Ahwal mai rajistar haihuwa, maganar igamar yaro wato takardar izinin zama, da sanar da kamfanin tamin, wato inshorar lafiya, a sa shi a ciki, don kuɗin hadana kullum ƙaruwa yake. In ba ku da tamin ko kuɗi ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin khidma ijtima'iyya na asibitin, wato masu kula da mabukata, tun kafin bashi ya taru, ku faɗa musu halin da kuke ciki.

8. Daga roba zuwa nono

In ya kai kwatankwacin mako 32 zuwa 34, za ki ga yana tsotsar hannu ko robarsa, yana juya baki in yana ƙirjinki. Ki tatse nonon tukuna, sannan ki kai shi ya lasa ya saba, don kada ruwa ya shaƙe shi. Ki tallafe wuyansa da kafaɗunsa da tafin hannu, cikinsa ya manne da naki. Zai ja sau uku ko huɗu ya huta, ya yi barci. Kada ki girgiza shi ko ki tura masa. In ya canza launi ko ya yi tari, ki cire shi ki ɗaga shi. Ragowar a ba shi ta roba ko da ƙaramin kofi. Da sau ɗaya a yini ake farawa, a ƙara a hankali, kuma ya kan ɗauki makonni. Duk bayan ya sha ki tatsa, don bai iya kwashewa ba tukuna. In sun ce za su zuba wani gari a cikin nononki, ƙarin gina jiki da ƙashi ne da ƙananan bakwaini ke bukata, ba wai naki ba shi da kyau ba.

9. Sallama da makonnin farko a gida

Ana sallama in yana riƙe ɗuminsa a gado ba kwalba, yana shan duk abincinsa ta baki, nauyi yana hawa, kuma ya yi kwanaki bai ɗauke numfashi ba. Sau da yawa hakan yana faɗowa kusa da ranar da aka sa miki ta haihuwa tun farko. Kafin ku fita, ki roƙi a nuna miki yadda ake ɗiga masa maganin ƙarin jini da bitamin, da abin da ake yi in yaro ya ɗauke numfashi. Ki karɓi ranakun komawa a rubuce: gwajin ji, rigakafi, da duba ido. Wanda aka haifa ƙasa da mako 32 ko ƙasa da kilo ɗaya da rabi, ranar likitan ido ba ta ɗaguwa ko da mako ɗaya, don ciwon idon bakwaini yana da magani in an kama shi da wuri, in an makara kuma makanta ce.

A gida ki ci gaba da goyon ƙirji. Ki tashe shi ya sha duk awa 2 zuwa 3, bakwaini ba ya kukan yunwa kamar sauran yara. A rigingine zai kwanta, a shimfiɗarsa, ba matashi, ko da kin ga ana kifa shi a hadana. Can akwai na'ura a jikinsa. Kada iskar mukayyif ta buge shi kai tsaye. Ki auna zafinsa a hammata, daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. Turaren wuta, shisha da sigari su bar gidan. Ba kwalli, ba lalle a jikinsa, kuma kada a bar wanzami ya cire masa beli.

'Yan barka su ne jarrabawa. Mu a nan kowa ɗan'uwa ne, ga baƙi masu zuwa Umra suna sauka a gidajenmu da murar hanya. Ki sa babbar mace a gidan, Hajiya ko Inna, ta tsaya miki ta ce, "Likita ya hana ɗauka, ku gan shi daga nan." Daga bakinta ba wanda zai ji haushi. Harami da duk wani cunkoso su jira sai ya yi ƙwari.

In ya ƙi sha sau biyu a jere, jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ya saki, yana numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, leɓe ya yi shuɗi, ciki ya kumbura ko ya yi amai kore, ku tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a lokacin, ko ku kira motar asibiti a 997. Tambayar da ba ta gaggawa ba, layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana amsawa.

Rigakafi da ranar haihuwarsa ake lissafawa, ba a jinkirta shi don ya zo da wuri. Girma kuwa, zama da rarrafe da tafiya, sai kin cire makonnin da ya rage a ciki. Ɗana da ya zo a mako 30 ya rage mako 10, don haka ranar da ya cika wata shida, a ma'aunin girma ɗan wata uku da rabi ne. Da wannan lissafin likitoci suke auna su har su kai shekara biyu, shi za ki faɗa wa duk wadda ta tambaye ki me ya sa bai fara zama ba.